Mota ta buge ni a kan keke, an kawo mini jaka 150 in sa hannu

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Garwa, ina da mata da 'ya'ya uku, sana'ata tallan burodi a keke. Wata biyu da suka wuce, bayan magariba, ina dawowa daga wajen Babbar Kasuwa, motar ɗaukar kaya ta wani ɗan kasuwa ta buge ni. Ƙafata ta dama ta karye a ƙwauri, keken kuwa ya lanƙwashe. Tsakani da Allah ba ni da fitila, kuma ni na faɗo titi ban tsaya ba. Direban bai gudu ba, shi ya kai ni asibiti ya biya kuɗin daren farko, 'yan sanda ma sun zo sun auna wurin. Da kuɗi ya ƙare sai 'yan'uwa suka ɗauke ni zuwa wurin maɗori. Har yau ban taka ƙafar ba. Yanzu mai motar ya turo dattawa da jaka 150 da wata takarda da Faransanci, wai in sa hannu magana ta mutu. Kawuna ya ce in karɓa, ƙaddara ce, kuma tunda laifina ne, in na ja magana ni za a kama. Ina jin nauyin direban don ya yi mini kirki. Yaya zan yi?

Mai tallan burodi, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce, ya rufa wa iyalinka asiri.

Kada ka sa hannu a takardar nan yanzu. Ban ce ka kori dattawa ba, ban ce ka ɓata da mai mota ba. Amma takardar da ba ka iya karantawa, a kan ƙafar da har yau ba wanda ya san yadda za ta ƙare, ba a sa mata hannu. Sulhun da aka rubuta aka rattaba wa hannu yana da ƙarfi a gaban alƙali, kuma warware shi daga baya wahala ce babba. Ka nemi a bar maka kwafinta, ka ba wani wanda ka yarda da shi, wanda ba ya cikin masu sulhun, ya karanta maka ita layi-layi da Hausa. Ka saurara da kyau ka ji ko an rubuta cewa ka yafe duk wani haƙƙi na yanzu da na gaba.

Kawunka yana nema maka sauƙi ne, kuma ya yi gaskiya da ya ce ƙaddara ce. Sai dai a maganar laifi, doka ba haka ta ce ba, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Dokar da ke hukunta diyyar haɗarin mota a Kamaru ita ce dokar inshora ta CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ce a Cadi, ita ce a Nijar, ita ce a Gabon da Senegal da sauransu. Wannan doka ta raba waɗanda haɗari ya shafa gida biyu. Akwai mai tuƙa abin hawa mai inji, shi ana duba laifinsa, a rage masa diyya ko a hana shi gaba ɗaya. Akwai kuma wanda ba ya tuƙa inji: mai tafiya a ƙasa, fasinja, da mai keke irinka. Sashe na 228 ya ce irin waɗannan ana biyan su diyyar raunin jikinsu ba tare da an kafa musu hujja da laifinsu ba, sai fa wanda da gangan ya jefa kansa don ya ji ciwo. Rashin fitila sakaci ne, faɗowa titi ba tare da ka tsaya ba sakaci ne, amma ba neman karaya ka fita yi ba, burodi ka fita sayarwa. Saboda haka haƙƙin ƙafarka yana nan daram.

Inda laifinka zai yi aiki shi ne a kan dukiya. Kuɗin keke da burodin da ya watse ana iya rage su ko a ƙi biya saboda sakacinka. Wannan kada ya dame ka. Keke ana saye a kasuwa.

Maganar kamu kuwa, rashin fitila ƙaramin laifin hanya ne, na tara. Wanda dokar hukunci ta fi sa wa ido a irin wannan haɗari shi ne mai tuƙi, idan aka samu sakaci a wajensa: sashe na 289 na kundin hukunta laifuka yana magana a kan jikkata mutum ba da gangan ba, na 290 kuma yana ninka hukunci ga wanda ya yi tuƙi a buge, ko ba lasin, ko ya gudu. Direbanka bai gudu ba, kuma wannan alheri ne da ya yi maka ya kuma yi wa kansa.

Na ji nauyin da kake ji nasa, kuma halin kirki ne. Amma ka san daga aljihun wa kuɗin zai fito. Sashe na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, mota ko babur, ya yi inshora, wadda muke kira asurans, domin ɓarnar da zai iya yi wa wasu. Mai motar nan kullum yana biyan kamfani kuɗi saboda rana irin wannan. Idan takardunsa suna da rai ranar haɗarin, kamfanin ne zai biya ka, ba direban da ke karɓar albashin wata ba. Neman haƙƙinka a wurin kamfani ba ya bukatar ka kai direba kurkuku, hanya ce daban da ta hukunci. Kana iya yafe masa har zuciyarka, ku ci gaba da gaisawa, kuma ka karɓi abin da doka ta ba ka. Har ma in ta bayyana cewa lasin direban ba daidai yake ba, kamfani ba zai ce maka don haka ba zai biya ba. Zai biya ka, sannan ya koma ya bi nasa mutumin.

Yanzu ƙafar. Ita ta fi damuna a wasiƙarka, fiye da takardar. Wata biyu ba ka taka ba, kuma tun da ka bar asibiti ba a sake ɗaukar hoton ƙashin ba. Ban raina maɗora ba, da yawa sun gaji sana'ar kuma mutane sun tashi a hannunsu. Amma maɗori da hannu yake ji, ba ya ganin cikin ƙashi. Ƙashin ƙwauri yana iya haɗewa a karkace, yana iya ƙin haɗewa, in kuma akwai rauni a fata yana iya ruɓa daga ciki ba a sani ba sai ya yi nisa. In kana jin zazzaɓi, ko wurin yana fitar da ruwa ko wari, ko yatsun suna sanyi suna canza launi, yau za ka koma asibiti, ba gobe ba. In ma ba ko ɗaya, ka koma cikin makon nan a yi hoto. Mutumin da abincinsa ke kan feda ba ya wasa da ƙwauri.

Komawar tana da amfani na biyu. Kamfanin inshora takarda yake gani, ba ya ganin ɗingishi, kuma maɗori ba ya ba da takardar da za su karɓa. Ka je asibitin da aka fara kai ka, ka nemi takardar likita ta farko wadda ta bayyana raunin da ranar da aka kawo ka, da takardar likita ta shari'a da ake kira sartifika mediko-legal, mai faɗin kwanakin da ba za ka iya aiki ba. Ka gaya wa likita gaskiya cewa ka je wurin ɗori, kada ka ɓoye, hoto zai nuna. Daga yau duk takardar magani, duk rasit na kantin magani, duk hoton ƙashi, a sa su a leda ɗaya a ba uwargida ta adana. Na baya ma a nemo abin da ya samu. Kuɗin da aka kashe ba rasit, da wuya ya dawo.

Ka yi sa'a 'yan sanda sun zo sun auna wurin. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: a ɗauke mota, a ɗauke keke, a ce za a shirya a gida, bayan wata uku mai mota ya ce bai san zance ba. Kai akwai takardar binciken haɗari, wadda ake kira PV. Ka tura ɗan'uwanka mai natsuwa ofishin da suka yi aikin, ya tabbatar an rubuta ta, an sa sunanka daidai yadda yake a katin ɗan ƙasa, an sa lambar motar da sunan kamfanin inshorarta. In ba a ɗauki bayaninka ba saboda kana kwance, ka nemi a ɗauka. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da rashin fitilar, tunda ka ga ba ta kashe maka haƙƙi, ƙarya ce za ta iya ɓata maka. In akwai masu shago ko 'yan kabu-kabu da suka ga abin, a karɓi sunayensu tun ba su manta ba. Doka ta ce masu binciken su aika wa kamfanin kwafin takardar cikin wata 3, kuma kai ma kana da ikon neman kwafi daga kamfanin. Sunan kamfani yana kan 'yar takardar da ake liƙawa a gilashin gaban mota, ko ba a gaya maka ba ana iya karantawa.

Da ka san kamfanin, a rubuta musu wasiƙa: ga sunana, ga ranar haɗari, ga lambar mota, ga takardun likita, ina neman diyya. A kai kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo maka da ita. Kada ka ba kowa asalin takarda ba tare da ka riƙe kwafi ba. Za su tambaye ka sana'arka, abin da kake samu, da mutanen da kake ciyarwa. Ka amsa da wuri, domin doka ta yanka musu wa'adin da za su gabatar maka da tayi, in suka wuce akwai tarar jinkiri a kansu, amma in kai ka yi shiru agogonsu tsayawa yake yi. Gaba ɗaya kana da shekara 5 daga ranar haɗari kafin haƙƙin ƙara ya faɗi. Kada wannan ya sa ka kwanta, shaidu suna tashi daga unguwa, takardu suna ɓata.

Bari in gaya maka abin da ake biya, don kada wani ya cika maka kunne da miliyoyi, kada kuma wani ya ce maka ba komai. Dokar CIMA ma'auni gare ta, ba yadda alƙali ya ga dama ba ne. Ana mayar da kuɗin magani da na asibiti bisa rasit. Ana biyan kwanakin da ka yi ba aiki. Mai albashi ana duba albashinsa, mai biyan haraji ana duba takardun harajinsa, wanda kuma ba shi da takardar da ke nuna abin da yake samu, kamar yawancin masu talla, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato SMIG. Tun ƙarin da aka yi a 2023, wannan a Kamaru yana tsakanin jaka 40 da ɗoriya zuwa jaka 60 a wata, gwargwadon fannin aiki. Sannan akwai diyyar raɗaɗin da ka sha, da ta tabo ko ɗingishin da ya ɓata siffa, kowanne da matakinsa daga ƙarami zuwa babba. Mafi nauyi ita ce diyyar nakasar da ta zauna, wadda likita ke aunawa da kashi cikin ɗari, a haɗa da shekarunka.

Wannan ta ƙarshen ita ce dalilin da ya sa na ce kada ka sa hannu yanzu. Ba a auna nakasa sai ranar da likita ya ce rauni ya tsaya, ba zai ƙara warkewa ba, ba zai ƙara lalacewa ba. Kai ba ka kai wannan rana ba. Yau ba wanda zai iya ce maka ko za ka koma kan keke, ko za a yi maka aiki a sa ƙarfe, ko ƙafar za ta gajarta. Wanda ya karɓi sefa 150,000 ya rufe magana a yau, ya sayar da abin da bai san kuɗinsa ba. Ka lissafa da kanka: abin da aka riga aka kashe, da cinikin wata biyu da ya wuce ka, da watannin da ke gaba. In aka ce sai an yi aiki a ƙafar, kuɗin nan ba zai je ko'ina ba.

Na san gida ba abinci, kuma mai yunwa ba a ce masa ya jira shekara. Akwai mafita biyu. Kana iya karɓar taimakon mai mota a matsayin taimako, a rubuta 'yar takarda cewa ka karɓi kaza domin magani, ba tare da kalmar yafe haƙƙi ba. In da niyyar alheri ya turo kuɗin, wannan ba zai dame shi ba. Kuma doka ta yarda kamfani ya yi tayin wucin gadi tun rauni bai tsaya ba, don haka a wasiƙarka ka nemi a ba ka wani abu a gaba domin ci gaba da magani.

Kamfani zai tura ka wurin likitansa ya duba ka. Kana da ikon zuwa da naka likitan, kana da ikon karɓar kwafin rahoton, in kuma ba ka yarda da awon ba ana iya kawo likita na uku ya raba gardama. Ranar ba ranar nuna jarumta ba ce. Mu Hausawa in aka ce yaya jiki sai mu ce da sauƙi ko muna mutuwa. A gaban wannan likita ka faɗi inda ke ciwo, ka faɗi abin da ba ka iya yi, ko tsugunno, ko hawa keke, ko tsayuwar sallah. Idan tayi ya zo, a nuna maka shi dalla-dalla, kowane fanni da kuɗinsa. Ko bayan ka sa hannu, doka ta ba ka kwana 15 ka janye da wasiƙa mai rajista idan tayin ya saɓa wa ma'aunin doka. In ba ku daidaita ba, sai kotu.

Wani abu da ke ci mini rai: akwai mutanen da ke yawo a bakin asibitoci da ofisoshin 'yan sanda suna neman waɗanda suka yi haɗari, su ce ba ni takardunka da wakilci, ni zan bi maka. Wasu suna bi da gaskiya. Wasu kuwa su karɓi kuɗin su kawo maka abin da suka ga dama, kai ba ka taɓa ganin takardar tayi ba. Kada ka sa hannu a farar takarda, kada ka ba kowa ikon karɓar kuɗi a madadinka, ka dage a biya da sunanka. In za ka ɗauki mai taimako, ka ɗauki lauya mai rajista, ku rubuta ladansa tun farko. In ba ka da hali, akwai dokar taimakon shari'a ta 2009 wadda ta tanadi kwamiti a kotuna domin marasa ƙarfi. A tambaya a ofishin magatakardan kotu nan Garwa.

To, in aka duba aka ga motar ba ta da inshora, ko ta ƙare kafin ranar haɗarin? Gaggawar da ake yi da takardar nan ta sa dole a bincika wannan, ko da yake mai yiwuwa tsoron kotu ne kawai ke damun mai motar. In haka ne, haƙƙinka yana kan direba da ubangidansa, domin dokar farar hula tana ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. A nan sulhun dattawa yana da amfani ƙwarai, sau da yawa ya fi shari'a sauri. Sai dai a yi shi bayan likita ya yi magana, a gina shi a kan lissafi, a rubuta adadi da ranakun biya, shaidu su sa hannu, a kuma rubuta wanda zai ɗauki kuɗin aiki in ƙafar ta bukata. Ga masu karatu da abin ya shafa ta wata fuska: babbar motar Cadi da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Kuseri tana tafiya da katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, ta wannan katin ake bin diyya in ta buge mutum. Motar gwamnati kuma gwamnati ce ke tsayawa a matsayin kamfaninta. Kai kuma in gidan burodin da kake ɗauka sun ɗauke ka aiki ne da albashi, ba sari kake yi ba, a duba ko haɗarin ya shiga haɗarin aiki a CNPS, wato asusun ƙasa mai kula da fansho da haɗarin aiki na ma'aikata.

Saura maganar ƙaddara. Ba mai musun cewa abin da ya same ka rubutacce ne. Amma addininmu da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya shar'anta diyya a kan kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar diyyar wanda aka kashe ba da gangan ba, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin diyyar raunuka da gaɓoɓi. Yafewa alheri ne, amma mai haƙƙi ne ke yafewa, da saninsa da son ransa, ba don an tsorata shi da kamu ba. Kuma ƙafar nan ba kai kaɗai ke cin abinci da ita ba, akwai mace da yara uku. In zuciyarka tana da shakka a kan karɓar kuɗin kamfanin inshora, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa cewa inshora ce ta tilas da hukuma ta ɗora wa masu mota, kuma kai wanda aka ji wa rauni ne.

Kawu kuma kada ka yi masa gardama a gaban baƙi. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: Kawu, ban ƙi sulhu ba, so nake likita ya ga ƙafar tukuna, kuma an ce mini kamfanin asurans ne zai biya, ba direba ba. Ka roƙe shi shi da kansa ya tambayi mai motar sunan kamfanin da kwafin takardar inshorar, ya kuma tambaye shi ko ya sanar da su haɗarin, don wajibinsa ne ya sanar. Dattawa su koma da godiyarka da wannan amsa. In an yi hoton ƙafar kuma an karanta maka takardar, ka sake rubuto mini abin da aka gani a cikinsu.